Abincin Faransa a Bakin Garkar Albasa

Matafiyin da ya baro Yamai da asuba a kan babbar hanya ta 1, wadda ta nufi Maraɗi da Damagaram, yakan iso Birnin Ƙonni da rana tsaka, bayan tafiyar kilomita 400 da ƴan kai. Idan ya wuce mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu, ya kuma bar masana'antar siminti ta Malbaza a bayansa, to ya shiga ƙasar Dogarawa ke nan. Ba sai an gaya masa ba, hancinsa ne zai fara ba shi labari. Daga watan Maris zuwa Mayu buhunan albasa sukan yi jere a bakin kwalta kamar ganuwar birni, manyan motoci na ta lodi, ƴan dako na kai da kawowa, dillalai na zaune a inuwa suna lissafi. Galmi, garin da sunansa ya bi albasa har Ankara da Abijan, yana cikin ƙaramar hukumar Dogarawa ne.

A daidai wannan lokaci yunwa take kama matafiyi. Idan babban ma'aikaci ne, ko jami'in wata ƙungiya mai mota fara, ba ya tsayawa wurin mai tuwo. Direba ya san inda ake kai irinsu: ɗaya daga cikin otel-otel da gidajen baƙi da ke tsakanin Ƙonni da Madawa. An shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, an jera cokali da wuƙa da cokali mai yatsu, yaro ya zo da takardar abinci rubuce da Faransanci. Akwai naman sa da soyayyen dankali, akwai kaza a cikin farar miya, akwai ƙananan koren wake, akwai makaroni, wani lokaci har da romon albasa irin na Faransa. Baƙo ya zaɓa, ya jira, a kawo. Koren waken daga gwangwani ya fito, ya ƙetaro teku. Man shanun daga Turai yake. Farar miyar da garin madara aka haɗa ta. Romon albasar kuwa, sau da yawa gari ne na ƙunshin takarda aka zuba a ruwan zafi aka motsa, alhali albasar da ta fi kowace suna a Afirka ta Yamma tana jibge a ƙetaren hanya, rana na dukanta. Ba kowane otel ke haka ba, amma duk ma'aikacin da ya sha rangadi a cikin jihohi ya san irin wannan tebur, ya kuma biya kuɗinsa.

Ana kiran wannan abinci na Faransa. Bafaranshen ƙauye da ya san girkin garinsu, da za a ajiye masa shi, da ba zai gane shi ba. An ɗauko sunaye da ƙyallen tebur, an baro abin da ya sa girkin ƙauyukan Faransa ya yi suna a duniya.

Asalin al'adar sananne ne. A zamanin mulkin mallaka an gina kamfama a manyan zangon hanya domin saukar kwamanda da sauran Turawa masu wucewa, aka kuma koya wa kuku ƴan ƙasa irin abin da cikin Bature ya saba da shi. Da aka sami mulkin kai a 1960, ƴan boko suka gaji kujerun, suka gaji teburin, suka gaji kukun. Waɗannan tsofaffin kuku ba abin raini ba ne. Sun ƙware a aikinsu, sun san tsabta, sun san lokacin wuta, wasunsu ba su taɓa shiga aji ba amma suna riƙe da girki 50 a ka. Laifin yana ga waɗanda suka ci gaba da ganin cewa abinci ba ya cancanci farin ƙyalle sai in sunansa ya gagari bakin talaka. Ko da aka karya darajar tamaka a watan Janairu na 1994, kuɗin duk abin da ake shigowa da shi daga Faransa ya ninka, ba a sake takardar abincin ba. An dai rage yawan abin da ke cikin faranti, an ƙara kuɗi.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda otel ɗin ƙauye yake a can ƙasar da ake kwaikwayo. A arewacin birnin Liyon akwai wani ƙaramin gari mai suna Vonnas, a yankin da ake kira Bresse. A shekarar 1872 wani mutum, Jean-Louis Blanc, ya buɗe masauki kusa da filin kasuwar garin. Masu cin abincinsa fatake ne masu sayen kaji da ƙwai, waɗanda kan iso da sanyin safiya ranar kasuwa, a ba su romo mai zafi su ɗumama ciki. Matar ɗansa, Élisa Blanc, ita ce ta karɓi madafa daga baya. Ba ta yi karatun girki a wata babbar makaranta ba. Tana dafa kazar ƙauyensu da kirim ɗin nonon shanun ƙauyensu, tana yin wata irin waina da dankalin gonakinsu, kuma ba ta yarda a kawo mata abin da ba ta san inda ya fito ba. A 1929 littafin Michelin ya ba ta tauraro. Jikanta Georges Blanc ya sami taurari 3 a 1981, ya riƙe su har 2025, lokacin da aka mayar da shi 2. Mutane daga Amurka da Japan sun riƙa biyan kuɗin jirgi domin su ci kaza a ƙauyen da ba shi da wani abin kallo in ban da wannan gida.

Shi littafin Michelin ɗin ma ƴar dabara ce ta kasuwanci. Kamfanin tayar mota ne ya fara buga shi a 1900, yana raba wa direbobi kyauta, ya nuna musu inda za su sami mai da makanike da wurin kwana, domin su yawaita tafiya, taya ta ci, su sayi sabuwa. A 1926 aka fara sa tauraro ga gidan da abincinsa ya yi fice. Gidan da ya sami 2, ana nufin ya isa a ratse hanya dominsa. Mai 3 kuwa ya isa a yi tafiya takanas. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1949, ƙananan otel-otel na iyali a karkara suka haɗu cikin ƙungiyar Logis de France, kuma abin da suke taƙama da shi shi ne girkin yankinsu. Wato hanya ce ta haifi waɗannan gidaje, kamar yadda hanya ta haifi kasuwar Galmi.

Kazar Bresse ɗin nan kuwa doka ce ke tsare ta tun 1957. Ba mai ikon sayar da kaza da wannan suna sai ta kasance fara mai shuɗin ƙafa, an yi kiwonta a cikin iyakar yankin, ta yi kiwo a fili a kan ciyawa, an ciyar da ita masara da alkama da madara, ta kuma kai kusan watanni 4. Cukun Roquefort, wanda ake yi da nonon tumaki a ajiye shi a kogon dutse, ya sami irin wannan kariya tun 1925. Albasa ma ba a bar ta a baya ba: ta garin Roscoff, wadda manomanta suka riƙa ƙetare teku suna tallarta gida-gida a Ingila tun ƙarni na 19, ta sami nata suna na doka a 2009. Saboda haka idan baƙo ya zauna a otel ɗin ƙauye a Faransa, takardar abinci tana gaya masa sunan garin da kazar ta fito, wani lokaci har da sunan manomin. Kuɗin da ya biya, rabonsa yana komawa gonar da yake hange ta taga.

Galibin wannan girki da ake yi wa kirari, na talakawa ne a asalinsa. Romon kifin Marseille, masunta ne ke dafa shi da kifin da ya ƙi sayuwa. Waken da ake dafawa a kasko da naman agwagwa a kudancin ƙasar, abincin manoma ne na lokacin ɗari. Romon albasa kuwa, wanda ake kawo wa baƙo a ƙunshin takarda a ƙasar Dogarawa, ya yi suna ne a tsohuwar babbar kasuwar Paris, wadda aka tasa a 1969, inda ƴan dako da mahauta ke shan sa da tsakar dare. Ba wani asiri a cikinsa: a yanka albasa da yawa, a soya ta a man shanu a kan wuta ƴar kaɗan, a yi haƙuri da ita har ta yi ja ta yi zaƙi, a zuba romon ƙashi, a ɗora busasshen burodin jiya da cuku, a gasa. Albasa, man shanu, ƙashi, burodi, cuku. Wanne ne daga ciki babu shi a kasuwar Dogarawa?

Akwai kuma wani abu da masu kwaikwayo ba su cika faɗa ba. Kaso mai yawa na girkin yankunan Faransa an gina shi ne a kan naman alade da giyar inabi, domin su ne abin da ƙasarsu ke bayarwa. Kuku musulmi mai dafa wa musulmi dole ya cire su, kuma daidai ya yi. Amma idan an cire ginshiƙi, sai ɗaki ya zauna a karkace. Abin da ya rage a faranti, ba na can ba ne, ba na nan ba ne, an yi ba a yi ba, rufin ɗaki da ɓarawo.

To, me ƙasar Dogarawa da maƙwabtanta ke da shi? Kwarin Magiya ya ratsa ta. Madatsun Mozage da Zango suna shayar da filin noman rani na Ƙonni, mai faɗin fiye da hekta 2000, inda ake noman alkama da masara da albasa da kabeji da zogale. Galmi na da nata madatsi da nata fili. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kunce ta tsaya kan noman rani, garake suka yawaita a duk inda rijiya ke kai wa ruwa. Akwai tumatir ɗanye da kauɗarsa, akwai tattasai, akwai kabewa da rogo da dankali. A kan tudu, wajen Illela, akwai gero da dawa da wake, akwai zabi da ƙwansu da damina. Madawa, da ke gaba kaɗan, ta yi suna da kilishi. Daga arewa, ƙasar Adar da Azawak, cuku da man shanu da raguna ke gangarowa. Mata kuwa suna da gabu, wanda suke yi da albasa da lawashinta, suna da daddawar batso, suna da yajin da kowane gida ke da nasa sirri. Wata mai masauki a Faransa da za a ba ta rabin wannan, da ta gode wa Allah.

Ita albasar, labarinta ya isa a tsaya a kansa. Nijar tana noma fiye da tan miliyan 1 a shekara, kuma jihar Tawa ce kan gaba. Irin Galmi, mai launin shuɗi-ja, ana son sa ne domin yajinsa, da yadda yake narkewa ya ɗaure miya, da yadda yake jure ajiya a cikin rudu. Sunan ya yi tsada har wani kamfanin iri na ƙasar Senigal ya nemi a yi masa rajistarsa a matsayin mallakarsa a hukumar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka 17. Manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye, kamfanin ya janye daga sunan. A shekarar 2023 hukumar ta miƙa wa Nijar takardar shaidar da ta tsare sunan albasar Galmi da na kilishin Nijar, irin kariyar da kazar Bresse ta samu shekaru 66 kafin nan. An yi biki a Yamai, an yi jawabai. Amma takarda tana cikin biro. A kan teburin otel ɗin da ke bakin garkar, ba a rubuta sunan Galmi ko sau ɗaya ba. Abin da aka yi jayayya dominsa a ƙetare, a gida ana yanka shi ne kawai a watsa a gefen nama kamar ado.

Ba wuya a kwatanta teburin da ya dace da wannan wuri. Baƙo ya zauna, a fara kawo masa fura mai sanyi da aka dama da nonon safiya, ko zoɓo, ko kunun tsamiya. A biyo da romon albasar Galmi na gaskiya, da ƙashin rago da gasasshen cuku a kai, in yana son abin da ya yi kama da na Turai, ga shi nan ya samu, ya kuma fi na takarda. Sai zabo da aka dafa a hankali cikin albasa da gabu har nama ya saki ƙashi, da tuwon gero mai laushi ko funkason alkamar Ƙonni. Ko dambu da zogale da man shanu. Da damina a sake, da kaka a sake, domin gidan da ke bin gona ba ya dafa abu guda wata 12. A rubuta takardar da Hausa da Faransanci, a faɗi garin da kowane abu ya fito. Farin ƙyallen da cokulan su zauna inda suke, ba su yi wa kowa laifi ba.

Masu otel suna da amsarsu, kuma ba duka ce ta banza ba. Suna cewa babban ma'aikaci yana cin tuwo a gidansa kullum, idan ya fito rangadi so yake ya sake baki, kuma ba zai biya jika da yawa a kan abin da mai tuwo ke sayarwa da rahusa a tasha ba. Akwai gaskiya a nan. Sai dai Bafaranshen da ke tafiya Vonnas shi ma yana cin kaza a gidansa. Abin da yake biya shi ne kazar da ta fi tasa, daga hannun da ya fi nasa. Idan otel zai kawo tuwon da bai kai na tasha ba, gara ya zauna da gwangwaninsa. Aikin yana ga a kai girkin gida matsayin da ko uwargida ta ɗanɗana sai ta yi shiru.

Suna kuma kawo maganar tsabta, cewa gwangwani ba ya ɓata ciki, ganye da nono kuwa sai an yi hattara. Wannan ma haka ne, a ƙasar da wutar lantarki ke ɗaukewa, firiji ya zama akwati. Amma maganin wannan ruwa mai kyau ne, da tafasa nono, da sayen abu ranar da za a dafa shi, da ma'aikatan tsabta masu zuwa duba madafa ba tare da sun aiko ba. Shi gwangwanin ma, wanda ya kwana wata da watanni a cikin zafin kanti, ba kowa ke duba kwanan watan da ke gindinsa ba.

Abin da ba su faɗa shi ne kunya. Akwai ɗan bokon da zai ji nauyin a gan shi yana cin dambu a gaban baƙonsa, kamar karatunsa zai zube. Wannan ciwo ne da ya daɗe, kuma mai otel ba shi ne zai warkar da shi ba, kasuwa yake yi, abin da ake tambaya shi yake dafawa.

Shi ya sa maganar ta koma kan ma'aikatan gwamnati. Ƴan yawon buɗe ido daga Turai sun daina bin wannan hanya tun shekarun da tsaro ya taɓarɓare. Masu cika otel-otel na jihohi su ne jami'ai masu rangadi, da mahalarta taron bita, da ma'aikatan ƙungiyoyi, da manyan ƴan kasuwa. Kuɗin abincin taron bita daga baitulmali yake fitowa, ko daga aljihun shirin raya karkara. Ana tara mutum 40 kwana 3 ana yi musu bayani a kan wadata ƙasa da abinci, da rana ta yi a buɗe musu gwangwanin wake daga wata nahiya. Shugaban gunduma ko magajin gari ko shugaban ma'aikata da ke sa hannu a takardar odar abinci yana da ikon rubuta layi ɗaya: a dafa abin ƙasar nan, a sayo shi a hannun ƙungiyar manoma da ta mata na wannan gari. Ba ya bukatar sabuwar doka ko ƙarin kasafi. Mai otel da ya ga irin wannan oda sau 3, da kansa zai sake takardarsa.

Kada a ɗauka wannan zai kwashe albasar da ke jibge a bakin hanya. Otel 10 ba za su ci lodin mota guda a wata ba. Matsalar manomi ita ce faɗuwar farashi lokacin girbi, da ruɓewa a cikin rudu, da kuɗin hanya, da iyakokin da kan rufe, kamar yadda aka gani bayan watan Yuli na 2023, sa'ad da takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ya tsayar da motoci. Tebur ba zai magance waɗannan ba. Abin da yake iyawa shi ne ya ɗaukaka suna, ya kuma buɗe ƙaramar kasuwa tabbatacciya ga mai zabi da mai nono da mai gabu, waɗanda galibinsu mata ne, kuma kayansu ba sa hawa babbar mota. Wannan watannin takunkumi ma sun nuna wani abu: kayan gwangwani sun yi wuya sun yi tsada, gero da albasa kuwa suna nan inda suke.

Masu dafawar ma suna nan. A kowane gari daga Tsarnawa zuwa Galmi akwai matan da ake aikawa a kira idan za a yi babban biki, domin an san hannunsu. Wasu daga cikinsu sun yi ajin yaƙi da jahilci, sun iya rubutu da lissafi da Hausa. Irin su ne za su iya auna gishiri da mai da lokacin wuta su rubuta, domin abin da baƙo ya ci yau ya same shi haka in ya dawo bayan wata 6, wanda shi ne babban abin da girkin otel ya fi na gida. A haɗa irin wannan mace da tsohon kuku, ita ta kawo ɗanɗano, shi ya kawo tsari da tsabtar madafa, cibiyoyin koyon sana'a na gundumomi su ba su ɗaki da ɗalibai. Mai otel kuwa ya shiga garka tun watan Fabrairu, kafin dillalai su iso, ya zaɓi albasar da aka rage wa ruwa kafin cira, wadda ba a cika mata takin zamani ba, domin ita ce ke kai wa watan Oktoba a rudu ba ta ruɓe ba, ya yanke farashi da manomin a gaban shaidu, ya biya rabi.